Zoben da Ya Ƙi Fitowa

Ƙarfe ukun dare a Hull, ruwa na dukan taga,
aka sauko min da kwalba,
'yar mitsitsiya, ba ta kai ɗan yatsana ba.
Ruwan ƙashin bayan mutum ne a ciki.
Na mai lafiya garau yake, kamar ruwan randa da asuba,
wannan kuwa ya yi fari-fari, sai ka ce an wanke shinkafa.
Tun na'ura ba ta ce komai ba, na sani.

A jikin takarda: Malcolm Thwaite,
shekara sittin da takwas, gado na tara.
Sati biyu ke nan da yi masa aiki a ka,
aiki ya yi kyau, har ya fara mitar shayin asibiti.
Sai zazzaɓi. Sai wuya ya ƙi lanƙwasa.
Sai ya ce a kashe fitila, haske na sukarsa.
Ban san fuskarsa ba. Ɗakina yana ƙarƙashin bene,
ni da shi sai ta ruwa da jini.

Sanƙarau ai tsohon sani ne.
A Gumel, watan da zafi ke koro mu tsakar gida,
ya ɗauke gwaggona Sabuwa tsakanin Talata da Alhamis.
Na zaci can na baro shi.
Ashe yana nan, ya laɓe a bakin bututun roba,
a ɗaki mai ƙamshin sabulu,
ba ruwansa da damina ko rani.

Na shuka shi a faranti,
na dasa 'yan faifai shida, kowanne da maganinsa,
na rufe, na sa a ɗumi.
Ka'idar ba wuya: inda magani ke ci,
ƙwayar cuta kan ja da baya, ta bar fili,
zobe tas, mai kyan gani.

Da na dawo na ɗaga murfi.
Na ɗaya, babu.
Na biyu, babu.
Na uku sun haye shi kamar kiyashi kan dabino.
Na huɗu da na biyar, wanda muke ji da su,
sun kwanta a gindinsu suna shan inuwa.
Na cire tabarau na goge, na sake dubawa,
ko idona ne ya yaudare ni.

Mu muka sa su makaranta.
Na tuna kafso ja da baƙi a kemis ɗin Ɗanliti,
biyu-biyu ake saye, jiki na sanyi a watsar.
Nan ma an ba mai mura don ya daina naci,
an zuba wa dabbobi don su yi nauyi.
Kullum duka kaɗan, ba mai kisa ba,
har suka haddace sandar.
Yanzu su ke ɗora mana karatu, ga allon a gabana,
kuma ba ni da bakin bayani.

Na shida fa?
Wani tsoho ne da aka jingine tun ba a haife ni ba,
don yana cin ƙoda.
Shi kaɗai ya yi zobe,
siriri, kamar abin da aka yanke daga farce.
Na auna sau uku, na kira sama.
Dakta Ravindran ta yi shiru, ina jin ƙarar injin numfashi a bayanta,
can ta ce, "Turo mana. Ba mu da wani."

Na wanke hannu fiye da yadda doka ta ce.

Da safe a bakin lif na ga wata dattijuwa,
ta rungume rigar sanyin namiji, da tabarau a cikin leda.
Ko tasa ce, ko ta wani, ban tambaya ba.
Na riƙe mata ƙofa ta shiga,
ta danna hawa na huɗu,
ni kuma na fita cikin ruwa, ba laima,
ina ƙirga milimita a zuci
har bas ta zo ta ɗauke ni.